Ledar da Aka Lulluɓe

Ƙarfe ukun dare a Sheffield,
ruwa na bin gilashin taga
kamar wanda ya ɓata hanya.
Gado na bakwai. Sallau.
Direban bas da bai taɓa makara ba,
yau kwana biyu na'ura ke ja masa numfashi.

Ƙaya ce fa.
Ƙayar fure a bayan gida, ranar Lahadi,
ta soke shi a gindin babban yatsa.
Ya tsotse wurin, ya ce ba komai.
Laraba yana rawar ɗari cikin bargo uku.
Alhamis ya kira ni da sunan ƙanwarsa.

Suka ce cuta ta shiga jini,
jiki ya tashi yaƙi ido rufe,
yana cinna wa rumbu wuta
don ya kashe ɓera ɗaya.

Sai ga Dakta Pryce da takarda, shafi tara,
tabon biro a aljihun rigarta.
Ta ja kujera ta zauna kusa da gwiwata.
"Duk abin da ake bayarwa muna ba shi,
ba za mu janye ko ɗaya ba.
Wannan ƙari ne, gwada shi ake yi.
Daga saiwa da fure aka tatso shi.
Rabi za su samu, rabi ruwan gishiri.
Kada ki tambaye ni wanne,
ni ma an rufe mini ido.
Kwamfuta ke jefa ƙuri'a."

Saiwa.
Na kusa yin dariya a ɗakin da ba a dariya.
Ni da aka ƙwace wa ƙullin sabara a filin jirgi,
aka ɗaga shi da yatsa biyu
kamar mushen ƙadangare.
Ni da Sallau ke tsokana, "Ke da itatuwanki!"

Kakata Dudu, can Dutsin-Ma,
ba ta haƙa saiwa sai ta yi wa itace sallama,
in ta gama ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe da tafin hannu.
Ban taɓa jin ta ce wannan zai warkar ba.
"A jarraba," take cewa,
"Mai warkarwa daban yake."

Na sa hannu.
Sunana ya fito a karkace.

Marisol ta rataye ledar,
an sa mata riga ruwan ƙasa har wuya
don kada launi ya tona asiri.
Da ta juya baya na kai hanci.
Ba ɗaci, ba ƙamshi, ba komai.
Na zauna ina ƙirga ɗigo
har ƙirgar ta koma tasbihi.

Kwana na biyar fitsari ya dawo.
Ban taɓa sanin zan yi wa fitsari hamdala ba.
Na takwas aka zare bututu.
Ya dube ni da idon da ya yi tafiya mai nisa,
muryarsa kamar ana jan buhu a siminti:
"Kin fitar da kwandon shara? Yau Talata."

Amma gado na tara,
tsohon nan mai zanen jirgin ruwa a dantse,
shi ma ledarsa lulluɓe take.
Na zo da safe na tarar da zanin gado sabo,
an ja shi tsaf, babu ko lanƙwasa.
Matarsa ta manta lemarta a ƙarƙashin kujera.
Kwana uku tana nan.

Yanzu waya ba ta hutawa.
Yayata ta ce saiwar ce ta tashe shi,
ta riga ta baza wa dangi.
Na ce ban sani ba.
Ta ce ke dai kin zama Baturiya.
Na ce ban sani ba, Yaya,
wasiƙa za ta zo bayan shekara biyu,
in sun gama ƙidaya.

Jiya na ɗauki almakashi na fita bayan gida,
na tsaya a kan furen nan
ruwa na jiƙa mini ɗankwali.
Ya yi sabon toho, ja, guda uku.
Sallau yana kallona ta taga da yatsa a naɗe.
Na daɗe a tsaye.

Na koma ciki na ɗora shayi.